Ƙugin Kunnena Ya Lafa

Ajingi, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Goni da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a can Fatakwal. Mu nan kowa kalau. An cire gyaɗa, ta yi kyau bana, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta.

Yaya, albishirinki! Ƙugin nan da ya zauna min a kunne shekara shida, tun ina aikin injin niƙa, ya lafa! Kin san babu abin da ban gwada ba, daga man ɗigawa har hayaƙi. Da sallar layya ne Adama ta gidan Kawu Bala, wadda ke aikin jinya a Kano, ta ce akwai wani likita da ke gwada sabuwar hanya, ta matsa min sai na je. Likitan ya auna ni, ya ce injin ya lalata min wani ɓangare na ji, shi ya sa ƙwaƙwalwata take ƙirƙiro ƙarar da kanta. Ya ce za su ɗora min na'urar maganaɗisu a kai ta kwantar da wurin. Bai ɓoye min ba, ya ce wasu tana yi musu aiki, wasu ko kaɗan, kuma ƙarar tana iya dawowa.

Da Inna ta ji maganar ƙwaƙwalwa sai ta fashe da kuka, ta ce fasa min kai za a yi. Ashe kujera ce kawai! A toshe maka kunne, a jingina maka abin a saman kunnen hagu, ka ji ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa kai da farce, kumatunka yana ɗan motsi. Babu allura, babu yanka. Kwana goma na yi ina zuwa. Mako na farko ban samu komai ba sai ciwon kai, har na ce na daina, Hanne matata ta ajiye min takalmi a bakin ƙofa ta ce motar Kano tana jira.

Rana ta takwas, muna dawowa, motarmu ta mutu bayan mun wuce Gaya. Direba ya buɗe gaba, kowa yana mita, ni na koma gindin wata tsamiya na zauna. Sai na lura ina jin iska tana kaɗa karan dawa. Na nemi ƙugin, sai da na kasa kunne sosai na same shi, can ƙasa kamar sauro a wani ɗaki. Yaya, na yi ta dariya ni kaɗai har wata tsohuwa ta tambaya ko lafiyata ƙalau.

Yau mako biyar ke nan ƙugin yana nan a kwance. Na sayar da injin, na koma gona.

Akwai abin da ya tsaya min a rai. Zuwanki na bara na daka miki tsawa a gaban yaranki, don kawai kin maimaita min magana, ban kuma raka ki tasha ba. Ƙarar ta taimaka, amma bakina ne ya faɗa. Ki yafe min. Ki kira ni ranar Juma'a, wannan karon ba zan miƙa wa Hanne wayar ba.

Ki gaida Malam Goni, da Fiddausi, da Salahuddeen. Inna da Hanne suna gaishe ku.

Ƙaninki,
Bubayero