Kwamfutar da Ke Suma Idan Keke Ya Tashi

Zuwa ga ɗana Sarkin Kwance-kwance,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya matarka?

Kwamfutar marigayi maigidana ta ɓullo da sabon hali. Ina cikin duba zanen riga sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu, ta tashi da kanta. Na kai wa mai gyara na bakin titi, ta wuni a gabansa lafiya lau kamar ta san shi. Ya ce a goge komai a sake zuba mata. Na ɗauko abata. Duk zanen ɗinkin da marigayi ya yi da hannunsa yana ciki, da shi shagon nan yake ci, kuma shi kaɗai ya bar mini.

Tun kana yaro ka kwance mini rediyo. Yau ka biya ni.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Barka da war haka, ina gaishe ki da girmamawa.

Kada ki bari a goge komai. Ina zargin ram, wani ɗan allo mai haƙora kamar mataji, wanda take riƙe aikin da ke gabanta da shi. Zanen ba a nan yake kwana ba. Amma abin ya ɗaure mini kai: me ya sa ba ta suma a wajen mai gyara? Me kike yi idan ta mutu? A kan me take zaune?

Ɗanki.

*

Ɗana,

Ina gaisuwa. Tambayarka ta sa na zuba mata ido kamar mai jinya. Da safe ina yanka, lafiyarta ƙalau. Ina taka keken ɗinki sai ta tafi. A gefen teburin keken nake ajiye ta don ina son ganin zanen kusa da allura. Kishi take da keken ne?

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Allah ya ƙara miki lafiya, kin kama ɓarawon. Girgizar keke ce take sassauta ram daga mazauninsa. Ki sa mai gyara ya ciro shi, ya goge haƙoran da abin goge fensir, ya mayar har ya ji ƙas. A gabanki za a yi. Sannan ki nema mata wurin da ba ya motsi. Shi marigayi a ina yake ajiye ta?

Ɗanki.

*

Ɗana,

An yi, na ji ƙas ɗin da kunnena, kuma zanen yana nan.

A cinyarsa yake ɗora ta, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Tun rasuwarsa na tura kujerar lungu na lulluɓe ta da ƙyalle, ko kallonta ba na iya yi. Na duba shagon kaf, ita kaɗai ce ba ta rawa idan keke ya tashi.

Na yaye ƙyallen, na jawo ta gabana, na ɗora kwamfutar a kanta. Kwamfuta ba ta sake suma ba. Ni ce dai nake tsayar da keke lokaci-lokaci.

Na yafe rediyon.

Gwaggonka.