Inda Bidi Yake Tsayawa

Zango, Damagaram
Cikin bazara

Zuwa ga maigidana Alkasum, a barikin soja na Yamai. Na rubuta sunan nan ne don mai rabon wasiƙu ya gane ka cikin masu gajeren wando, ba don na daina jin nauyinsa ba.

Ya gawona mai ganye a lokacin da duk itatuwa suka kaɗe, ya ruwan sabuwar randa, ya ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, ƙamshin da na kusa manta yadda yake! Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, barewar da babu mai iya kamawa, har ni da aka ɗaura mana aure. Ina gaishe ka gaisuwa mai nauyin duwatsun Birni. Ina kuma gaishe da ƙafafunka biyu, tunda su ne manyan gidanmu yanzu. Su ake ciyarwa, su ake shafa wa mai, saboda su aka san da mu a Yamai.

Saƙonka ya iso ta hannun direban kamiyo, babbar motar kayan nan, tare da shinkafa da gwangwanayen sardin. Allah ya saka da alheri. Na karanta da kaina, sai inda rubutunka ya yi gudu ya bar ni, can ƙanena Ari ya taya ni. Ka ce kaftin ya yaba gudunka, yana so ka sa hannu ka zama soja sosai, ka riƙa yi wa bariki tsere, abinci kullum, takalmi kyauta. Ka ce in ka sa hannu za a yi shekaru ba ka zauna a Damagaram ba, kuma ba za ka sa ba sai ka ji ta bakina. Ikon Allah, yau mai gudun da bai taɓa waiwaye ba shi ke tambayar hanya! Zan ba ka amsa, masoyina. Amma ka yi haƙuri ka bi ni sannu, ni ba a yi mini horo ba.

Ka tuna ranar da na fara ganinka a filin sukuwa? Na raka innata sayar da zoɓo, kai kana kan Bidi, dokin Alhaji Mai Nasara. Ku kuka zo ƙarshe, har masu ganga sun fara naɗe kayansu. Amma ka sauko kana shafa wuyansa kana yi masa magana a kunne kamar shi ya cinye gasar. Ka zo wajenmu ka nemi ruwa, ba don kanka ba, don shi. Sai da ya huce ya sha, sannan ka ɗaga ido ka gan ni. Tun ranar na san matsayina, doki tukuna sannan Bintu. Ban yi ƙorafi ba. Na dubi hannunka a wuyan dabbar nan na ce a raina, mai wannan hannu ba zai taɓa marin mace ba. Ban yi kuskure ba. Abin da ban duba ba shi ne ƙafafun.

Sai fari ya zo. Harawa ta ɓace a kasuwa, dusa ta zama abincin mutane, mutanen karkara suka cika bayan gari da 'yan bukkokinsu. Alhaji ya sayar da dawakinsa, wanda bai sayu ba ya mutu a turke. Bidi kuwa ya ce ka tafi da shi, in ya rayu naka ne. Ka shigo da shi gidanmu kana murna kamar an ba ka gona, ni ina kallon haƙarƙarinsa. Ka ce dokin sukuwa ba ya kwana biyu babu kilisa, ƙafafunsa kumbura suke yi, numfashinsa ya mutu. Ka kuma ce doki mai yunwa ba a hawansa. To yaya za a yi? Ka rataye sirdi a zaure, ka kama ragama, ka shiga gudu a gefensa da ƙafarka.

Zango ta samu abin dariya a shekarar da dariya ta yi tsada. Mai shayin bakin tasha ya ce ya ga doki ya fito da mutuminsa kilisa. Mata a layin famfo suna tambayata wane ne ke hawan wani a cikinku in kun sha kwana. Na yi ta kare ka, ina cewa tausayi ne. Ashe ƙafar ma ta ɗanɗana ta ji daɗi. Ba a jima ba sai ga shi Bidi ya gaji kai ba ka gaji ba, ka ɗaure shi ka sake fita kai kaɗai ta hanyar Zermu. Ka raba yininka rabon da alƙali ma ba zai fi ka adalci ba. Asuba ta Bidi ce. Hantsi na neman 'ya'yan gawo da ɗan abin da zai tauna. La'asar ta ƙafafunka. Almuru kuwa na duba kofato da goge jiki. Kana cewa in mahayi ya yi sanyi doki zai raina shi, in doki ya yi sanyi mahayi ya zama banza, dole a riƙe duka biyun daidai. Ka riƙe su kuwa, ya farin watana, babu wanda ya fi wani. Ni kuma aka ba ni wankin gajeren wando, da ruwan da na yini a layi kafin in samu. Wace mace ce a Damagaram ta kai ni gata?

Duk wannan da dariya nake ɗaukarsa, don a lokacin akwai mai taya ni zama.

Ƙyanda ta shigo unguwa bayan sanyi. Ka san sauran. Jikin da bai ƙoshi ba ba ya jayayya da ciwo. Maza suka zo, ka ɗauki 'yarmu a hannunka cikin ɗan farin ƙyalle, kuka fita. Ni na zauna inda mata ke zama. 'Yar fari ce, ba mu taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ba mu taɓa yi mata wasa a tsakar gida ba, sai in mun shiga ɗaki. Da ta tafi ma kunyar ba ta sake mu ba. Ba ka yi kuka ba, ban yi ba. Hajja mahaifiyarka ta yi ta gaya wa masu gaisuwa ba ta taɓa ganin yara masu kara irinmu ba. An yabe mu ƙwarai, maigida. Na ƙoshi da yabo har ya tsaya mini a wuya. Aisa. Ga shi na rubuta, tunda alƙalami ba shi da suruka.

Washegari da asuba na ji kana kwance Bidi. Washegari fa! Tabarmar masu gaisuwa ba a naɗe ba, ɗan kwanonta yana nan kife a bakin murhu, kai kana ɗaura takalmi. Na kwanta ina jin sawunku yana nisa. Me zan ce? Kilisa ba ta san rasuwa ba. Haka ka ci gaba, ba ka fasa ba ko sau ɗaya, asuba doki, la'asar kai. Ka dawo fuska jiƙe, in miƙa maka tsumma ka goge, ka ce sannu, in ce yauwa. Hirarmu ke nan. Da gasar gudu ta ƙungiyar samariya ta zo ka bar kowa a baya, sojoji suka ɗauke ka zuwa Yamai, unguwa ta cika da guɗa. Na taya su guɗar. A raina kuwa cewa na yi, to, ya samu hanya mai tsawon da zai ishe shi guje mana.

Yanzu ga labarin dokinka, tunda na san shi kake jira.

Da ka tafi Bidi ya ƙi ci. Ari ya kawo ganyen rake daga lambun kawu a Dogo a kan amalanke, ɗanye shar, abin da dawakin gari za su yi faɗa a kansa. Ya sansana ya kau da kai. Aka jiƙa masa kanwa, ya ƙi. Wani tsoho mai kiwon dawaki ya zo ya duba bakinsa da cikinsa, ya ce lafiyarsa lau, tarbiyya ce ta yi masa yawa. Ka saba masa ba ya sa baki a abinci sai ya dawo daga gudu, to yana jiran a fita. Ari ya kama ragama ya ja, Bidi ya kafe ƙafafu kamar an dasa shi. Lambu kuma ba ya jira, Ari ya koma Dogo. Saura wa? Na tsaya ina kallon abin da ka fi so a duniya yana ƙarewa a turke. Na ce a gidan nan an yi rashi ɗaya, ya isa.

Na sa tsohuwar rigarka don ya ji warinka, na sa wandonka a ƙarƙashin zane, na yi ɗamara da gyale. Bayan sallar asuba na kwance shi. Ya sansana rigar, ya yi haniniya ƙasa-ƙasa, ya nufi ƙofa. Abin da nake yi a gefensa kada ka kira shi gudu a gaban kaftin ɗinka. Shi yana sassarfa, ni ina bin igiya, numfashi kamar zugazugin maƙera, silifa ɗaya ta tsinke tun kafin mu wuce tasha. Mai shayi ya ce yanzu dokin ya kammala, ya horar da miji ya koma kan mata. Ban san hanyarku ba, ba ka taɓa faɗa mini ba, ban taɓa tambaya ba. Sai na sakar masa ragama ya bi inda ya sani.

Muka wuce kasuwa, muka bi ta gefen duwatsu. Ina zaton hanyar Zermu za mu miƙe, sai ya karkata hagu ya bi wata 'yar siririyar hanya cikin yashi. Ya rage sauri da kansa. A gindin wata aduwa ya tsaya, dab da shingen maƙabarta. Na ja shi, ya ƙi. Na yi masa tsawa irin taka, ko kunne bai motsa ba. Ya sunkuyar da kai ya tsaya cik. Sai idona ya kai kan aduwar, na ga inda igiya ta cinye ɓawonta ya yi santsi, daidai tsayin hannunka. Muka tsaya gwargwadon yadda mutum zai shiga, ya durƙusa, ya karanta abin da zai karanta, ya fito. Sannan ya juya da kansa ya kama hanyar gida. Da muka isa ya cinye ganyen raken tas. Washegari haka, kullum haka, har yau da nake rubutun nan.

Ya rabin raina, ashe nan kake zuwa? Duk asubar da na kwanta ina jin haushin sawunka, ashe wajenta sawun yake tafiya? Gari yana yabon numfashinka, Hajja tana yabon kararka, ni ina miƙa maka tsumma ka goge abin da na ɗauka gumi ne. Kai ne gwanin horon doki a Damagaram, ba na musu. Ka koya masa duk abin da ka sani, ka manta ba ka koya masa rufa asiri ba. Me ya hana ka gaya mini? Me ya hana ni tambaya? Muna ɗaki ɗaya, ciwo ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya don kada a ce ba mu da kunya.

Ga inda abin ya tsaya. Ni mace ce, ba na shiga. Daga shinge nake leƙe. Ƙananan kaburbura sun yi yawa a bana, jere-jere kamar kunyar gona, kowanne da ɗan fasasshen kasko a kansa, iskar bazara tana ta cike tsakaninsu da yashi. Bidi iyakar saninsa aduwa. Na aika an tambayi mazan da suka raka ka ranar, suka ce sun kai yara da yawa tun daga lokacin, ba za su iya rantsuwa ba. Kai kaɗai ka sani. Kowa a garin nan yana roƙon ruwa, ni ma ina roƙo, amma ruwan farko in ya sauka da ƙarfi zai shafe 'yan tudun nan su zama fili ɗaya. Ka ga halin da nake ciki, ina ɗaga hannu ina roƙon abin da nake tsoro.

To ga amsata. Kada ka sa hannu.

Na san abin da nake mayarwa. Na ci shinkafar nan, na ji daɗinta, na san babu irinta a Zango. Ba da ƙoshi nake magana ba. Amma Ari ya ce a fadamar Dogo ruwa yana kusa, haƙa kaɗan a tarar da shi, lambun kawu yana neman mai ƙarfi, kuma ganyen rake ba ya yankewa. Ba za mu yi ƙiba ba, ba za mu mutu ba in Allah ya so. Akwai yashi mai laushi a can, ka yi ta gudunka da la'asar, ka yi ta kilisarka da asuba, ba zan taɓa rabon yininka ba. Bariki za ta samu wasu ƙafafun, ƙasar nan cike take da samari masu son gudu. Ni fa, wa zan samu?

Ka hau kamiyon farko kafin hadari ya haɗu. Kafin mu tafi Dogo mu fita da asuba mu uku. Zan riƙe ragama a gindin aduwa, kai ka shiga, ka je ka tsaya a kanta, ka ɗaga hannu yadda zan hango daga shinge. Shi ke nan abin da nake roƙo. In ka fito kada ka goge fuskarka.

Taka ce ni, ko ka zo ko ka ƙi, ko da soja ko da lambu. Taka a yunwa, taka in an yi damina, har ranar da maza za su ɗauke ni su shiga da ni ta ƙofar nan da yanzu ba ni da ikon shiga.

Matarka,
Bintu