Tsumman da Ke Rataye Gefen Tanderu

Zuwa ga Uwar Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kabari ya yi miki sanyi, ina sanar da ke muna nan lafiya, ni da yara da awakinki masu ɓarna. Malam Iro mai rubuta wasiƙa a kasuwar Tudun Wada ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya ce wai ba a aika wa mamaci takarda. Na ce ya rubuta kawai, ba shi na aura ba.

Ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara.

Kin san tun da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu, har da tsamiyar ƙofar gidan babana, ban yafe wa kowa ba. Abu ɗaya na samu a nan da ya fi na can, wato tanderun burodina mai ƙofar ƙarfe da sakata, wadda maƙerin Bebeji ya ƙera mini. Kin tuna yadda nake cika baki a kasuwa, cewa ƙofar nan ƙafata take tsoro? In burodi ya nuna, shuri biyu zan yi mata, in ja sakata, ta buɗe.

Wata bakwai ban hura wuta a cikinsa ba tun rasuwarki. Sai ga Talatu ta haihu, mace. Mijinta, wannan mai agogon, ya ce zai sayo burodin suna daga Kano a mota. Ina raye! Na ce ko ɗaya ya shigo gidan nan daga Kano, to a yi sunan ba da ni ba.

Ranar jajibirin suna na kwaɓa buhu guda cur, fulawar da nake da ita ke nan duka. Na jera kwanoni, na rufe. Wajen la'asar ƙamshi ya kai har gidan Liman. Na zo na yi shuri biyu, na ja. Sakata ta ƙi. Na ƙara biyu. Na ƙara huɗu, har babban yatsana ya fashe. Na sa guduma, na zuba man gyaɗa, na zagi maƙerin Bebeji da kakansa. Maƙwabta suka cika zaure, kowa da shawararsa, wani ma ya ce a fasa bayan tanderun da diga. Surukin naki yana tsaye yana ta duba agogo. Ƙamshi ya fara juyawa zuwa ƙauri.

Sai na zauna a kan turminki ina riƙe da yatsa. A nan idona ya faɗa kan tsumman nan naki, yana rataye a ƙusa gefen ƙofar, ya bushe ƙayau.

Uwar Talatu, sau nawa na yi miki faɗa a kan tsumman nan? Ina cewa kina ɗiga mini ruwa a ƙofa, za ki sa ta yi tsatsa. Kullum burodi ya nuna sai ki ce, "Malam, je ka yi alwala tukuna, ƙofa ba za ta gudu ba." In na dawo in tarar da sakata a jiƙe, in yi mita, in yi shurina, ta buɗe.

Na ciro tsumman na tsoma a randa, na naɗe sakatar da shi. Ta yi cuuu, tururi ya tashi. Na sake jiƙawa, na sake naɗewa. Sannan na tafi na yi alwala, kamar yadda kika saba kora ni. Da na dawo, da yatsa biyu na ja ta. Ashe zafi ke kumbura ƙarfen ya cije, ruwa ya sa ya saki. Amma sai da na yi mata shuri ɗaya da ƙafar hagu, saboda mutane suna kallo.

Burodin layin baya ne kaɗai suka ƙone, awakinki suka ci. Sauran sun fito jajir. Surukinki ya ci uku da shayi, na lura.

To ga ƙarata. Shekara huɗu kina jina ina yabon ƙafata a gaban jama'a, kina tankaɗe kina murmushi, ba ki taɓa cewa uffan ba. Da kin faɗa mini ma, na san da musu zan yi. Kin san hakan, shi ya sa kika yi shiru.

Jaririyar sunanki aka sa mata. Na ɗauke ta na ce ga sabuwar amaryata, ta yamutsa fuska irin yadda kike yi in na fara labarin tsamiya. Tsumman na wanke shi na mayar a ƙusarsa, na kuma hana kowa taɓawa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki. Ya buɗe miki ƙofar Aljanna tun kafin ki taɓa ta. In tawa ta cije ranar da na iso, ki leƙo.

Ni ne mijinki mai taurin kai,
Malam Audu mai burodi