Fensirin Innarki

Ranar Talata

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya tarin ƙaramar? Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da ta ɗauke ni abokin gaba, da hannun dama da ya koyi rawa bayan tsufa. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ke ma kin sani, in na kira ke ce mai magana, ni nawa "to, to" ne. A takarda kuwa ba mai katse ni.

Na bi shawararki. Tunda ƙarshen wata zan rufe shago in miƙa wa mai gida makullinsa, na kwaso tsofaffin hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba, na jera su a bayan gilashin taga, na rubuta cewa duk wanda ya ga nasa ya shigo ya ɗauka. Ban zaci kowa zai kula ba. Sai ga ƙofar shagona ta koma kasuwa, har mai gyaran agogo na kusa da ni yana ƙorafin an tare masa haske.

Wani dattijo da yanzu ba ya fita sai da sanda, jikokinsa suka gano shi a hoto cikin wandon nan mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke share titi, ga takalmi mai tudu, ga gashi ya yi sama. Ya rantse ba shi ba ne. Da yamma sai ga shi ya dawo shi kaɗai, ya soke hoton a aljihu, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba. Wata kuma ta ga mahaifiyarta zaune a bayan keken ɗinki, ta yi ta mamakin ashe tsohuwa ta iya ɗinki. Ban gaya mata cewa keken namu ne na ado ba, ko allura babu a jikinsa, rabin matan unguwar nan sun zauna a bayansa.

A layin ƙasa na jera na sojoji. Lokacin yaƙi motocinsu kan tsaya a bakin titinmu, su shigo uku-uku, in ɗauke su hoto, su ce in sun samu hutu za su karɓa. Nakan rubuta lambar aikin sojan kowa a bayan ambulan ɗinsa. Da yawa sun dawo. Goma sha ɗaya ba su dawo ba.

Jiya wata tsohuwa ta shigo riƙe da lema, alhali ko gajimare babu, shi ya sa na sa mata Mai Lema. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, daga kallon da take wa mutum za ki gane, kamar bai yi aikin gida ba. Ta fito da wata wasiƙa da ta haura shekara hamsin, ta ƙaninta, wadda a ciki yake cewa ya ɗauki hoto a shagon da ke kusa da mai agogo, zai aiko in ya karɓa. Ita ce wasiƙarsa ta ƙarshe. Lambar da ke kanta ta yi daidai da ta ɗaya daga cikin ambulan ɗina. Na miƙa mata hoton da hannu biyu, ina jiran kuka da godiya. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye shi a kan tebur ta ce wannan ba ƙaninta ba ne. Wai ƙaninta yana da baƙin tabo a saman girar hagu, tsawon gaɓar yatsa, wannan kuwa goshinsa sumul. Na nuna mata lamba, ta ce ita ba lamba ta zo nema ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa sa hoton wani a ambulan ɗin wani ba. Ta ce za ta dawo mako mai zuwa, in sake dubawa da kyau, kamar wani ɗalibinta.

Ki gaishe da mutanen gida duka. Ki daina aiko mini da maganin gwiwa, na bara ma yana nan.

Ni ne mahaifinki,
Baba Mai Hoto


Ranar Alhamis

'Yata Auta,

Sallama da gaisuwa irin ta uba da 'ya. Ina fata kun tashi lafiya, ƙaramar kuma ta warware. Ni jiki da sauƙi, zuciya ce dai ba daidai ba, shi ya sa na sake ɗaukar alƙalami.

Mai Lema ce da gaskiya, ni ma kuma ina da gaskiya. Na hau kujera na sauko da gwangwanin da ke saman kabad, inda na ajiye dodon hoton sojojin nan, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Goma sun ruɓe, sun nannaɗe, sai warin tsami. Nasa kaɗai ya tsira. Na ɗaga shi a hasken taga, na sa gilashin ƙara girma a saman girar hagu, sai na nemi wuri na zauna. Fensirin innarki ne a wurin.

Ke ba ki riski wannan zamani ba, kin tashi kin same ta da tabarau mai kauri, ta riga ta bar aikin. Amma shekara goma sha biyar na farkon aurenmu, ni nake ɗauka, ita take gyara. Tana da ɗan tebur a ɗakin baya, jikin taga. Takan feƙe fensir har ya yi tsini kamar allura, ta lulluɓe kanta da baƙin ƙyalle, ta bi fuskar mutum a jikin fim tana cike duk inda kurji ko tabo ko tamoji yake. Dokarta ce, ba fuskar da za ta fita daga shagonmu da aibi, ko mai ita ya nema ko bai nema ba. Mutane suka yi ta cewa kyamarata tana da albarka. Ni kuwa na yi ta karɓar yabo ina gyara hula, ban taɓa cewa ga mai aikin can a ciki ba. Ita dariya kawai take yi, ta ce in ci gaba, kyamarar tawa har girki ta iya.

Kin tuna yoyon da rufin ɗakin baya ya yi shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwarta da shekara biyu. Duk akwatunan fim ɗinmu suka jiƙe suka manne, na kwashe na zubar. Na ɗauka ba abin da ya rage na aikin hannunta. Yanzu ga shi a gabana, ƙananan zane sun fi ɗari a wurin da bai kai ƙwayar wake ba, duk sun karkata gefe guda saboda bahaguwa ce. Kwana uku ke nan da na buɗe shago sai in sa gilashi in yi ta kallo. Ina kewarta, Auta, fiye da yadda nake nuna muku.

Fensir yana goguwa. A kan wani siririn mai da ake shafa wa fim ake zana shi, in aka sa auduga da ruwan magani zai fita, tabon yaron nan ya dawo. To amma in ya fita, hannun innarki ya fita ke nan har abada. Ga fim ya tsufa, ga hannuna yana rawa, ina iya gogewa in haɗa da fuskar gaba ɗaya, a yi biyu babu.

Shekaranjiya Mai Lema ta dawo. Na ce mata dodon hoton ya ɓata. Na yi ƙarya da furfurata, kuma ta dube ni irin kallon nan nata, ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Kada ki kira ki yi mini faɗa, na riga na yi wa kaina. Ki gaishe da maigidanki.

Mahaifinki,
Baba Mai Hoto


Ranar Asabar

Auta 'yar albarka,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ce kada ki kira, kika kira, halinki sak na innarki. Amma na gode da ba ki yi faɗa ba, na kuma gwada dabarar da kika kawo.

Na aika aka kira Mai Lema, muka tsallaka titi wurin matar nan mai shagon kwamfuta. Ta ɗauki hoton ta sa a na'ura, Mai Lema tana kwatanta tabon, ita tana zanawa. Sau uku ana yi. Na farko ta ce ya yi kama da saran wuƙa, ƙaninta ba ɗan daba ba ne. Na biyu ta ce ya yi tsawo. Na uku ni a idona ya yi kyau ƙwarai, amma ta girgiza kai ta ce a bari, kada a ɓata wa baiwar Allah lokaci.

Muka dawo shago, na ba ta kujera da ruwa, sai ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Ita ce ta ji masa ciwon. Tana da shekara tara, shi yana da biyar, ta goya shi tana gudu a tsakar gida bayan an hana ta, ta yi tuntuɓe, goshinsa ya daki bakin bokiti. Da uwarsu ta fito da bulala, yaron nan jini yana zuba ya ce shi ya faɗi da kansa. Har ya girma bai taɓa tona ta ba, sai dai duk sanda yake son wani abu a wurinta ya ɗaga girar yana murmushi, ita kuma ta ba shi.

Ta ce gidansu ba su taɓa yin hotonsa ba, kuma duk wanda ya san shi ya rasu, saura ita. Abin da ya fi ci mata rai, fuskarsa ta ɓace mata. Takan rufe ido ta neme ta, ba hanci, ba baki, sai tabon kaɗai, don shi ta fi kallo. Ta ce wataƙila wannan kyakkyawan saurayin shi ne, amma ba ta da hanyar da za ta shiga fuskar ta gane shi. Daga nan ta ba ni haƙuri a kan zafin da ta yi mini ranar farko, ta ɗauki lemarta, ta ce ba za ta ƙara damuna ba.

Na bar ta har ta kai wajen mai agogo. Sannan na bi ta da gwiwar nan tawa, ina ɗingishi ina kira, mutane suna kallo. A bakin titi na faɗa mata gaskiya duka, har da ta innarki. Ba ta ce mini maƙaryaci ba, da ma ta faɗa da na fi jin sauƙi. Cewa ta yi aikin matata ne, ba za ta roƙe ni ba, in yi abin da zan iya ɗauka.

Na ce ta zo Talata da safe. Na rubuto ne don uwarki ce ke ma, kina da hakki a kai, ga shi ban jira izininki ba. Ki yafe mini.

Naki har kullum,
Baba


Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya kamar yadda ta bar ni. Saƙonki ya iso, na karanta shi ya fi sau biyar. Allah ya yi miki albarka.

An yi. Jiya da hantsi na ja ɗan teburin innarki zuwa jikin taga, na zauna a inda take zama. Mai Lema tana waje a kan benci, na ce kada ta shigo. Na sa gilashi na yi wa zanen nan kallon ƙarshe, na daɗe, har sai da na ji kunyar barin tsohuwa a rana. Na naɗa auduga a tsinke, na riƙe hannun dama da na hagu don ya natsu, na yi bismilla.

Shafa huɗu ne kawai. Aikin da na san ya ci mata yini guda, shafa huɗu ya tafi. A ta ƙarshe hannun ya kufce mini, na karce gefen kunnensa kaɗan, amma fuskar ta tsira. Na shiga ɗakin duhu na wanke hoto da ragowar takarda da maganin da nake da su. Ina tsaye ina girgiza farantin maganin fuskar ta fara fitowa, ga tabon nan a saman gira, ɗan lanƙwasasshe, ba ya kama da ko ɗaya cikin ukun da aka zana a kwamfuta. Kuma Auta, girar a ɗage take. Innarki ta daidaita ta da ɗayar, shi ya sa ban taɓa lura ba. Yaron nan ya san wa zai aika wa hoton.

Na kai mata shi da danshinsa. Ta sa tabarau, ta duba, sai ta fashe da dariya, ta kira shi ɗan banza, ta tambaye shi me kuma yake so yanzu. Daga nan kuka ya zo. Na koma ciki na ba ta wuri, ni ma ina da nawa da zan yi.

Da za ta tafi na haɗa mata duka biyun a ambulan, sabon da tsohon. Ta zare tsohon, mai sumul ɗin goshi, ta miƙo mini. Ta ce wannan ba nata ba ne, ba ta san shi ba, amma wadda ta yi shi ta yi shi da tausayi, in riƙe.

Jibi zan miƙa makulli. Teburin zan kawo gida, kyamarar kuma taki ce in kina so. Idan kun zo hutu za ki ga hoton wani soja a bangon ɗakina, kusa da gado. Yara za su tambaya ko wane ne a dangi. Ki ce musu ba kowa ba ne, ba a taɓa haihuwar mai wannan fuskar ba. Kakarsu ce ta yi shi da fensir, kuma wannan karon ki faɗa musu sunan mai aikin.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya jiƙan innarki, ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba Mai Hoto