Kada Ka Taɓa Zauren Kaka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maiɗakinka da yara? Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Na ji wai za ka rushe zauren Kaka ka zuba shagunan bulo. Haba Yaya! Me zauren ya yi maka?

Akwai wani tsoho ɗan Italiya da nake kai wa kaya kusa da unguwar Fordham. Jiya ya nuna min hotunan unguwarsu a Roma: fadoji, ginshiƙan dutse, da bangon da ya girmi kakannin kakanninsa. Ya ce ko taga ba a canzawa sai da izini. Dama na karanta haka a laburare, ba ƙarya ya yi ba. Sai na buɗe waya na nuna masa namu zauren, da zankayensa da ɗaurin gugan rufin ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wace hukuma ke kula da shi. Kunya ta hana ni cewa yayana ne, kuma diga yake nema.

Bangon tsagewa kawai ya yi, yaɓe yake so. Ka kira Malam Idi magini kafin damina, aikin a wuyana. Ni ma ina da haƙƙin gado a zauren nan, kuma ban yarda ba.

Ka gaida kowa. Ka ce Inna ta sa ni a addu'a, sannan ka faɗa mata da bakinka abin da kake shirin yi, mu ji.

Ƙaninka,
Bashir