Kaset ɗin da Baba Ya Saurara da Tafin Hannu

Panshekara, Kano
9 ga Maris, 1986

Zuwa ga Yayana Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin Baba, Ya sa can ta fi masa nan. Mu nan lafiya lau. Inna ta fara cin abinci, jiya har tsiya ta yi wa mai kayan miya, ka ga kuwa sauƙi ya samu.

Takardarka ta iso, sau uku na karanta ta. Duk kewaye-kewayen da ka yi, tambayarka ɗaya ce: ko Baba ya saurari kaset ɗin da ka aiko kana neman gafararsa, ko kuwa ya tafi da fushin tafiyarka Fatakwal ba da izininsa ba. Zan faɗa maka, amma ka bar ni in bi ta hanyata, ka san ban iya gajeriyar magana ba.

Kwanakin nan in na zauna tsakar gida da la'asar, sai in ga kamar yanzu zai turo kekensa ya shigo, auduga ta yi masa fari fat a gemu da gira. 'Yata Ladi ta haye cinyarsa tana tsince masa, shi kuma yana ce mata ta bi a hankali, rabin furfurar tasa ce, rabi ta kamfani. Shekara ashirin da biyu yana tsaye gaban injin saƙa, tun daga Bompai har ya dawo Challawa, da ɗan kwalinsa na salla a naɗe bayan injin. Ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Wani lokaci har warin man injin nan nake ji a zaure, in leƙa, ba kowa.

Ga abin da ba ka sani ba. Ƙarar injin da ka guda ta cinye masa kunne. Shekara biyu kafin rasuwarsa ko jiniyar kamfani ba ya ji. Ya hana a gaya maka, wai in ka ji za ka ce ai ka faɗa, shi kuwa ba zai ba ka wannan bakin magana ba. Mutane da yawa ba su gane ba, don su masu saƙa dama da leɓe da hannu suke magana a wurin aiki. In an kira salla sai Inna ta ɗaga hannuwanta saitin kunne, ya miƙe ya ɗauki buta. Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan, rashin jin kiran salla.

Ranar wata Juma'a kaset ɗin ya iso. Da na ce daga gare ka ne, sai ya tashi ya sake riga. Na kunna rikoda, ya zura mata ido, ni kuwa zuciyata ta karye. Can sai ya ɗora tafin hannunsa a kan inda murya ke fita, yadda yake taɓa inji ya gane ko lafiyarsa ƙalau. Ya lumshe ido ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Yaron nan kuka yake yi." Na durƙusa gabansa ina maimaita maganarka da leɓena, kalma bayan kalma. Da na zo inda ka ce ya yafe maka, ya ɗaga mini hannu, ya ce in juya kaset ɗin, shi ma yana da magana.

Nufinsa a ba Idrisu direba ya kai maka a tafiyar ƙarshen wata. Kafin nan ciwo ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa. Sauran laifin nawa ne, Yaya. Idrisu ya je ya dawo sau biyu na kasa ba shi, don ba mu da muryar Baba a ko'ina sai a nan. Na riƙe abinka ina sauraro, na bar ka cikin zullumi. Ka yafe mini.

Ga shi nan cikin ambulan, na naɗe shi da ƙyalle. Baba bai san ƙarfin muryarsa ba tunda ba ya jin kansa, saboda haka da ƙarfi ya yi maganar. Sau uku ya kira sunanka kafin ya ce ya yafe maka duniya da lahira, har maƙwabta ta bayan katanga sun ji, sun amsa da amin. Za ka ji su a ciki.

Ka gai da matarka Atika, da Rabi da ƙaninta Ɗahiru. Inna tana sa muku albarka, maigidana ma yana gaisuwa. In za ka zo da babbar salla, don Allah ka taho mini da kaset ɗin in ƙara ji sau ɗaya.

Ni ce ƙanwarka,
Zuwaira Uwaisu