Gonar Aro a Rikoto

Rikoto, Zuru
Watan Afrilu

Ɗana Michael,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jikinka, yaya aikin soja, yaya abokan aikinka? Ina fata kana cin abinci sosai, don a hoton da ka turo wa ƙanwarka Keziah na ga wuyanka ya yi tsawo. Mu kam muna nan lafiya, sai godiya.

Ka ce in daina ce maka "lafiya lau" kawai, in gaya maka gaskiya. A waya ba na iyawa, domin babanka yana zaune kusa yana kasa kunne. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mun sami wurin zama. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, a ajin makarantar coci muke kwana da sauran mutanenmu, har wani dattijo mai sayar da hatsi, Malam Nasiruddeen, ya ba mu ɗakuna biyu a bayan gidansa. Matarsa Amatullah ta aiko mini da tukunya da turmi tun kafin in buɗe baki. Yanzu tare muke surfe, tana yi mini dariya wai Hausata ta karkace, ni kuma ina koya mata gaisuwa da yarenmu na C'lela.

Babanka ne damuwata. Har yau bai kwance ƙullin kayansa ba. Kullum da safe sai ya zauna a ƙofar gida, duk ɗan kabu-kabun da ya fito daga Bena sai ya tsayar da shi ya tambayi labarin hanya. Malam Nasiruddeen yana da wata gona a gindin dutse wadda ya daɗe bai noma ba. Ya zo da kansa ya ce masa, "Baba Aaron, ga ta can kwance, mi za ni yi da ita? Ku noma ku ci." Babanka ya yi godiya ƙwarai, amma ya ce kafin ruwa ya sauka mun koma gida.

Sai kuma maganar Keziah da saurayinta Joel. Ka san daminun da yaron nan ya yi yana golmo a gonarmu, shi da abokansa suna yi mana noma saboda ita, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban saboda Rahila. Bana ya kamata a ɗaura musu aure. Ranar da aka shigo ƙauye, ya riga ya tsira, sai ya koma ya goyo tsohuwa Leah makauniya, a nan harsashi ya same shi a ƙafa. An sallame shi daga asibiti, amma da sanda yake tafiya. Iyayensa sun zo neman a sa rana. Babanka ya ce, "Ba zan aurar da 'yata a gidan aro ba. A cocinmu aka yi mata baftisma, a can za a ɗaura mata aure." Suka tashi jiki a sanyaye.

Gwaggonka Monica kuma ta sami abin faɗa, wai tunda an dakatar, a duba wani mai ƙafafu biyu. Keziah ta ce mata, "Gwaggo, ƙafar da ta koma ta ɗauko Kaka Leah ita nake so ta shigo ɗakina." Tun daga ranar Monica ba ta sake ɗaga maganar ba.

Ka sa babanka a addu'a. Ba taurin zuciya ba ne, kewa ce.

Mahaifiyarka,
Magdalene

Rikoto, Zuru
Watan Agusta

Ɗana Michael,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Yaya damina a wajenku? Yaya ciwon haƙorin nan, ka je an duba ko har yanzu kana ta maza? Keziah tana gaishe ka. Amatullah ma ta ce in gaishe da sojanmu.

Ruwa ya sauka ba mu koma ba. Waɗanda suka gwada zuwa sun dawo sun ce rufin cocinmu ya ƙone, ciyawa ta rufe gonaki. Da babanka ya ji, ya yini bai ci abinci ba.

Ni kuwa ban iya zama ina kallon damina tana wucewa. Na je wurin Malam Nasiruddeen na ce idan gonar tana nan, ina so. Ya auna mini irin dawa da masara daga shagonsa, ya ce sai kaka ma yi magana. Ban ɓoye wa babanka ba. Ya ce in yi abin da na ga dama, shi dai ba gonarsa ba ce. Ranar da muka je shuka da Keziah, sai muka tarar da Joel ya riga mu, ya jingina sandarsa da itacen kirya, ya yi nisa da sharar gona. Babu wanda ya kira shi. Na ce masa ai ya gama golmonsa tuntuni, ba ma binsa ko kunya ɗaya. Ya ce, "Mama, muddin ba a ba ni ita ba, ban gama ba."

Ga abin da nake so ka ji. Fasto ya yi tafiya, sai ya roƙi babanka, a matsayinsa na dattijon ikkilisiya, ya yi wa mutanenmu wa'azi ranar Lahadi. Ya yi murna. Ya ce zai yi magana a kan mutanen Allah da aka kwashe zuwa Babila, da alkawarin da Ubangiji ya yi cewa zai komar da su gida. Ka san idonsa ya yi rauni, don haka Keziah ce take karanta masa. Ya ce ta buɗe wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa waɗanda ke bauta. Shi wurin alkawarin yake nufi, ita kuwa ta fara daga farkon surar. Ina tsince shinkafa ina ji. Ta karanta inda aka ce musu su gina gidaje su zauna, su shuka gonaki su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su kuma roƙa wa garin da suke ciki zaman lafiya. Da ta kai wurin aurar da 'ya'ya sai ta ɗago ta dube shi.

Babanka ya ce, "Haka aka rubuta, ko ke kika ƙara?" Ta ce, "Baba, ga shi nan." Ya karɓi Littafi Mai Tsarkin ya kai kusa da hancinsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa mata, ni kuma na ci gaba da tsince shinkafata.

Washegari da sassafe na ga babu fartanyar da ke bayan ƙofa. Na bi sawu har gona. Joel yana noma a durƙushe, domin ƙafar ba ta barinsa ya daɗe a sunkuye, yana jan gwiwa a cikin laka daga kunya zuwa kunya. Babanka ya tsaya a bakin gona yana kallonsa. Can sai ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya kama kunyar da ke kusa da ta yaron. Na juya na dawo gida ba su gan ni ba. Na yi kuka a hanya, amma irin kukan da ke sa ƙirji ya yi sauƙi.

Ranar Lahadi wa'azinsa bai yi tsawo ba. Ya ce shi ya ɗauka aminci shi ne mutum ya zauna da kaya a ɗaure yana jiran ranar komawa. Ya ce ashe Allahn da muka bauta wa a ƙauye bai tsaya a can cikin toka ba, ya riga mu zuwa Rikoto. Ya ce har yanzu yana sa rai za mu koma, amma ba zai hana yara rayuwa ba kafin ranar. Sannan ya sa muka yi addu'a domin garin Zuru, ya ambaci Malam Nasiruddeen da sunansa. Tsohuwa Leah ce ta ɗaga waƙa.

Ya aika wa iyayen Joel su zo. An sa rana bayan kaka. Ka fara neman hutu tun yanzu.

Taka har kullum,
Magdalene

Rikoto, Zuru
Watan Disamba

Ɗana Michael,

Salama a gare ka. Ina gajiyar tafiya, tunda ka ce an mayar da ku Makurdi? Yaya sabon wuri da sababbin mutane? Kada ka sa damuwa a ranka don ba a ba ka hutu ba. Keziah ta yi fushi na yini ɗaya, ta huce.

An ɗaura aure ranar Asabar a cocin Rikoto. Mutanenmu da suka warwatsu sun zo, wasu daga Mahuta, wasu daga Bena, har da waɗanda ban gani ba tun ranar gudu. Mun rungumi juna, mun tambayi waɗanda ba su zo ba, mun yi shiru a kan wasu sunaye. Zumuntar mata sun yi kiɗa har tulu ɗaya ya fashe. Joel ya bar sandarsa a ƙofar coci ya taka har gaban bagade, a hankali, yana ɗingishi, babu wanda ya gaggauta shi. Babanka ne ya riƙo hannun Keziah. Da fasto ya tambayi wa ke ba da ita, ya amsa da ƙarfi har yara suka yi dariya.

Tuwon bikin daga dawar gonar nan aka yi shi. Ba ta yi yawan ta gida ba, ƙasar tana da tsakuwa, amma ta isa. Na kai wa Malam Nasiruddeen irin da ya ba ni har da ƙari. Ya karɓi irin, ya mayar da ƙarin, ya ce gudummawarsa ce. Shi da abokansa sun zauna a rumfa a waje, Amatullah kuwa ita ta tsaya a kan tukwane tun safe, tana ba Monica umarni, Monica tana bi.

Ba zan ce maka komai ya daidaita ba. Har yanzu hanya ba ta yi kyau ba, kuma akwai safiyar da nake farkawa ina neman kukan zakaranmu na gida. Babanka yana tambayar 'yan kabu-kabu labari, sai dai yanzu a kan hanyarsa ta zuwa gona yake tambaya, ba ya zama. Muna ci, muna barci, muna sujada. Na gode wa Allah.

Babanka yana nan kusa da ni, ya san kai nake rubuta wa. Ya ce in gaya maka an ce ƙasar da kuke akwai lemo mai kyau, idan za ka zo ka taho masa da dashe. Na tuna masa cewa lemo sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya, kuma gonar ba tamu ba ce. Ya ce ya sani, ya riga ya nemi izinin mai gona. Ya ce idan muna nan mu sha, idan mun koma gida jikokin Malam Nasiruddeen su sha. Har ya haƙa ramukan, don haka kada ka zo hannu sake.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Magdalene